Hasken da ke Sauya Halin Ƙarfe

Kowane mahauci a kasuwar Gure ya san tsokar da aka yanka yanzu duhu-duhu take, sai ta sha iska sannan ta yi ja wur. Ɗan ƙarfen da ke cikin naman ne ke sauya hali. Kafin iskar oksijin ta kama shi, huɗu daga ilektoron ɗinsa shida na waje zaman ɗai-ɗai suke yi, maganaɗisu yana jan sa. Da ta kama shi, sai jan maganaɗisun ya ɓace. Linus Pauling da Charles Coryell ne suka gano haka a jini a 1936.

Abin da iska ke yi wa nama, masana suka so haske ya yi wa sinadarin da suka haɗa da hannunsu.

An dace a 1984 a Jami'ar Mainz ta Jamus. Ayarin Philipp Gütlich suka sanyaya wani ƙanƙararren sinadari mai ƙarfe, suka haska shi da koren haske, launinsa ya koɗe, ya zama mai jin maganaɗisu, ya kuma tsaya a haka. Bayan shekara biyu Andreas Hauser ya nuna cewa jan haske yana mayar da shi yadda yake. Makunni ke nan wanda ba shi da waya: kunna, kashe, daidai abin da kwamfuta ke buƙata don ajiye bayani.

Saurin abin shi ne ya fi ɗaure kai. A 2009 ayarin Majed Chergui na Lozan, a Suwizalan, suka auna sauyin a wani sinadarin ƙarfe, suka samu kusan femtosakan 150. Femtosakan ɗaya kuwa sai an raba daƙiƙa gida miliyan, a sake raba kowane gida kashi biliyan. Ahmed Zewail, mutumin Masar, shi ya buɗe hanyar irin wannan awo, ya samu kyautar Nobel a 1999.

Sai dai da sauran rina a kaba. Sinadarin Mainz ba ya riƙe sabon halinsa sai sanyi ya kai wajen digiri 223 ƙasa da sifili, alhali zafin bazara a Gure yakan haura digiri 40. A 1998 Olivier Kahn na Bordo a Faransa ya bayyana wasu sinadarai masu sauyawa su riƙe halinsu a zafin ɗaki, amma su ɗumi ne ke juya su.