Tsawon Mota da Girman Inji a Dokar Harajin Ƙasar Indiya

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da motocin da ake ƙerawa a ƙasar Indiya zai tarar da cewa da yawa daga cikinsu tsawonsu milimita 3,995 ne, wato saura milimita biyar kacal su cika mita huɗu. Hausawa kan ce, ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda dokar haraji ta haifar da wannan al'amari, har ta zama ita ke tsara siffar motar da jama'a ke hawa.

Asalin Dokar

A cikin kasafin kuɗin shekarar 2006, Ministan Kuɗi na Indiya na lokacin, P. Chidambaram, ya rage harajin da ake karɓa daga masana'antu a kan ƙananan motoci daga kashi 24 cikin ɗari zuwa kashi 16. Nufin gwamnati shi ne ƙasar ta zama cibiyar ƙera ƙananan motoci masu tsimin mai. To, da yake kalmar "ƙarama" tana iya ɗaukar ma'anoni daban-daban, sai doka ta gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, kada tsawon mota ya wuce mita huɗu. Na biyu, kada girman inji ya wuce cc 1,200 idan mai shan fetur ne, ko cc 1,500 idan mai shan dizal ne. Shi cc ma'auni ne na yawan iska da man da silindojin inji ke iya ɗauka, kuma cc 1,000 daidai yake da lita ɗaya.

Wajibi ne mota ta cika sharuɗɗan biyu gaba ɗaya. Alal misali, motar Maruti Brezza ba ta kai mita huɗu ba, amma injinta na fetur cc 1,462 ne, don haka ba ta shiga sahun masu rangwame.

Yawan Rangwamen

Daga ranar 1 ga Yuli, 2017, Indiya ta haɗe harajinta iri-iri cikin haraji guda da ake kira GST. A ƙarƙashinsa ƙaramar motar fetur ta riƙa biyan kashi 29 cikin ɗari, ta dizal kashi 31, manyan motoci kuwa har zuwa kashi 50. An sake gyara a ranar 22 ga Satumba, 2025, inda ƙananan motoci suka koma kashi 18, manya kuma kashi 40. A ɗauki motoci biyu, kowace farashinta rupi 800,000 kafin haraji. Ƙaramar za ta biya rupi 144,000, babbar kuwa rupi 320,000. Ke nan 'yan milimitoci na iya jawo wa mai saye ƙarin rupi 176,000.

Yadda Kamfanoni Suka Karɓi Dokar

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A shekarar 2008 kamfanin Tata ya fito da Indigo CS, wato ya datse but ɗin motarsa ta Indigo har ta sauko ƙasa da mita huɗu. Haka nan Maruti Suzuki ya rage tsawon Swift Dzire daga milimita 4,160 zuwa 3,995 a 2012. Honda Amaze ta biyo baya a 2013, Hyundai Xcent a 2014. Bugu da ƙari, aka soma ƙera motoci masu tudu irin na jif a kan wannan awo, kamar Ford EcoSport da Tata Nexon.

Ta fuskar inji kuma, sai aka koma ga na'urar turbo, wadda ke cusa ƙarin iska cikin silinda. Da ita injin lita ɗaya kan ba da ƙarfin da ya yi daidai da na babban inji, alhali a takarda yana cikin ƙananan.

Kammalawa

Babu shakka dokar ta sauƙaƙa wa masu matsakaicin ƙarfi mallakar mota. Sai dai kuma tsawo da girman inji ba su ne ke nuna yawan hayaƙin da mota ke fitarwa ko ƙarkonta a lokacin haɗari ba. Mota mai mita huɗu da ɗan ɗoriya tana iya fin gajera tsimin mai, amma duk da haka ta biya haraji mai nauyi. Har ila yau, mai iyali da yawa yakan haƙura da matsatsen but don gudun tsada. Darasin da ke ciki ga masu tsara haraji shi ne, duk inda doka ta ja layi, nan masana'antu za su kafa awonsu, don haka ya kamata a yi nazari sosai a kan abin da ake aunawa tun kafin a ja layin.