Gafiya Ɗaya, Daji Guda

Da zarar an kai amfanin gona gida, hunturu ya fara busawa, duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe da dare zai riƙa hango jan zaren wuta can cikin daji. Mun saba gani har ba ma tambayar wa ya kunna. Sau da yawa yara ne uku ko huɗu da karensu da sanduna. Sun ga ramin gafiya, suka cusa busasshiyar ciyawa, suka ƙyasta ashana, suka koma ɗaya bakin ramin suna jira. Gafiya ta fito, aka maƙe ta, aka nufi gida ana murna. Wutar kuwa babu wanda ya waiwaye ta. Iska ta ɗauke ta ta shiga gamba, kafin asuba ta yi tafiyar da yaran ba za su iya yi a ƙafa ba.

Idan ƙauyen na bakin gandun daji ne irin Yankari, to abin ya wuce wasan yara. Yankari, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, ta kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, ta zama ta tarayya a 1991, sannan ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Tana cikin wurare ƙalilan da giwa ta rage a Najeriya, ga ɓauna, ga gwanki, ga dorina a kogin Gaji. Kuma ba katanga ce ta kewaye ta ba. Wutar da aka kunna a bayan gari ba ta san inda iyaka take ba.

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutanen da ke maƙwabtaka da irin waɗannan dazuzzuka: "To ai su ma ma'aikatan suna ƙonawa, mun gansu da idonmu." Gaskiya ne, suna ƙonawa. Sai dai wuta suna ta tara. Ma'aikacin daji yana sa tasa da wuri, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba. Irin wannan wutar ba ta da ƙarfi. Rarrafe take yi, ta ci nan ta tsallake can, raɓar dare ta kashe ta. Ba ta kai ga kan itatuwa, dabba kuma tana samun hanyar kaucewa. Inda ta ci ya zama fili, ta yadda in wata wutar ta taso daga baya, tana isowa nan sai ta rasa abin ci ta mutu. Bayan 'yan makonni sabon toho ya fito, namun daji su samu kiwo.

Wutar Fabrairu da Maris daban ce. A lokacin komai ya bushe ƙayau, ciyawar da ta fi mutum tsawo ta zama kamar an yayyafa mata kananzir. Harshenta na tashi sama ya lashe rassa, ya kashe ƙananan itatuwa, ya cinye ƙwan zabin daji da na fakara, da kunkuru, da duk ɗan dabbar da bai iya gudu ba. Ƙasa ta rage tsirara, ruwan farko ya zo ya kwashe ta. Makiyayin da ya sa wuta don shanunsa su samu toho, in ya makara, abincin rani kawai ya ƙone musu. Haka mai cire zuma da ya jefar da bakin wutarsa a gindin bishiya, da mai gawayi, da direban da ya wurgo guntun sigari ta taga.

A Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji girma a ƙasar nan, ya ratsa Taraba da Adamawa, haɗarin ya ƙaru saboda duwatsu. Wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu, don zafinta na riga ta busar da abin da ke gaba. Kowace shekara tana ɗan gutsurar gefen kurmin da ke kan tsaunuka, kuma daga kurmin nan ne wasu rafukan da ke shayar da kogin Binuwai suke tasowa.

A daina ɗaukan cewa babu mai gani. Akwai taurarin ɗan'adam da ke gano zafin wuta daga sama, hukumar NASA ta Amurka kuma tana saka wuraren a taswira cikin 'yan sa'o'i, kyauta, duk mai intanet a waya zai iya dubawa. Taswira ba ta faɗin sunan wanda ya ƙyasta ashana, amma tana nuna ta wane gefen wutar ta faro, sauran aikin na masu sintiri ne. Dokar gandun dajin tarayya ta 1999 ta hana farauta, da kiwo, da sare itace, da sa wuta, da shiga ba izini, ta kuma ba ma'aikata ikon kamawa. Hukuncin tara ne ko ɗauri. Na san manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya ba zai ji daɗin wannan karatun ba, kuma kukansa na kan hanya. Amma mai gadin da yake harara, sau da yawa ɗan ƙauyen da ke kusa ne, yana kwana a daji yana fuskantar maharba masu bindiga, an kuma sha rasa rayukan irinsu a bakin aiki.

Ga mai zuwa hutu kuwa, musamman ɗalibai da ake kwasowa mota-mota, maganar jagora ita ce doka. In ya ce kada a sauka daga mota, kada a sauka, ko da hoton zai fi kyau; giwa mai ɗa ba ta san wasa ba. Gwaggon birin sansanin Wikki da ke Yankari ya san leda ya san kula, yana iya fizge burodi a hannun yaro, don haka kada a ba shi abinci, kada a bar ƙofa a buɗe. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki ɗuminsa na nan wajen digiri 31 rani da damina, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, wannan hasken ne ke sa wanda bai iya iyo ba ya raina zurfinsa.

In kuwa wuta ta rutsa da mutum a daji, kada ya gudu ta inda iska ta dosa, kada ya hau tudu. Ya nemi inda ta riga ta cinye, ko fako, ko yashin rafi, ya rufe hanci da tsumma, ya duƙa ƙasa-ƙasa don hayaƙi sama yake bi. Ya kuma lura da inda yake taka ƙafa, domin macizai ma wurin tsira ɗaya suke nema da shi.