Yadda Jami'ar Ahmadu Bello ke ciyar da Samaru

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da hantsi zai ga inda kuɗin Samaru ke fitowa. Ga masu Keke Napep suna lodi, ga mai shagon fotokwafi yana haɗa kundin ɗalibin da ke shirin kammala karatu, ga mai shayi yana fasa ƙwai. Tun da aka buɗe jami'ar a 1962, wannan yanki na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ya dogara ga aljihun ɗalibai da albashin ma'aikata. Ɗakunan haya ma sun zama jari.

Sai dai kasuwar tana da rauni. Lokacin da malaman jami'o'i suka shafe wata takwas suna yajin aiki a 2022, ɗakuna sun zauna a kulle, masu abinci suka kife tukwane.

A ganina, babbar damar tana gona. A Samaru ne Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda ta fitar da irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA, can Shika kuma ga cibiyar binciken dabbobi. Matashin da ya koyi ninka ingantaccen iri ya sayar wa manoman Giwa da Funtuwa, ko ya kafa injin haɗa abincin kaji da masarar yankin, ba ya jiran ɗalibai su dawo daga hutu. Abin da ke daƙile shi, kuma abin takaici ne, bai wuce rashin tsayayyar wutar lantarki da rance mai sauƙin biya ba.