Kwamfutar Kwantum: Abin da Ake Yaɗawa da Abin da Ake Koyarwa a Jami'a

Maganganu uku ne suka fi yawo a kan kwamfutar kwantum, kuma dukkansu suna sa ɗalibi ya ɗauke ta tamkar siddabarun da ya fi ƙarfin aji. Na farko shi ne wai tana gwada duk amsoshi a lokaci guda. Gaskiya ne kubit, ma'aunin bayanai na kwamfutar kwantum, ba kamar bit na kwamfutar da muka saba ba ne: bit ko dai 0 ko 1, shi kuwa kubit yana iya zama haɗin biyun, kowanne da nasa nauyin. Amma da zarar an auna, amsa ɗaya tak ke fitowa. Gwanintar ita ce a tsara lissafi yadda nauyin amsoshin kuskure zai soke juna, na daidai kuma ya ƙarfafa, kamar igiyoyin ruwa biyu da kan haɗu su lafa ko su tashi. Shi ya sa matsalolin da take yi wa kwamfutar da muka saba fintinkau a kansu ƙalilan ne. Hanyar da Lov Grover ya fitar a 1996 tana rage bincike cikin abubuwa miliyan ɗaya zuwa matakai kimanin dubu ɗaya. Ci gaba ne babba, amma ba zai sa WhatsApp ya ƙara sauri ba.

Na biyu, wai nan ba da jimawa ba za ta buɗe asusun kowa a banki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa na'urar kwantum za ta iya rarraba babbar lamba zuwa tushenta cikin sauri, kuma tsarin kulle bayanai na RSA ya dogara ne kan wahalar wannan aikin. Sai dai na'urar da za ta iya haka ba ta samu ba. A 2001 masu bincike a IBM sun rarraba 15 zuwa 3 sau 5 da kubit 7. Na'urar Willow da Google ya gabatar a Disamba 2024 kubit 105 gare ta, alhali ƙiyasin masana shi ne karya RSA na yau zai ci dubban ɗaruruwa ko miliyoyin kubit. Haɗarin gaske shi ne a sace bayanai yau a adana har na'urar ta zo, shi ya sa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle bayanai guda uku a Agusta 2024.

Na uku ya fi cutarwa: wai sai wanda ke da ɗakin gwaji mai sanyin da ya kusa digiri 273 ƙasa da sifili zai iya koyon fannin. Wannan sanyin na maƙeran na'urar ne. Darasin farko a jami'a lissafi ne: aljabarar bekta da matiriks, lambobin kamfleks, da lissafin yiwuwa. A 2016 IBM ta buɗe na'urarta mai kubit 5 ga jama'a ta intanet, kuma da manhajar Qiskit ɗalibi a Zariya ko Yamai zai iya kwaikwayon kubit 20 a kwamfutarsa ta hannu.

Wani zai ce, ina amfanin koyon na'urar da ba ta nuna ba a ƙasar da wutar lantarki ma ke wasan ɓuya? Tambaya ce mai ma'ana, amma Shor ya rubuta hanyarsa da alƙalami kafin a ƙera na'urar da za ta gudanar da ita. Aljabarar da ɗalibi zai ƙware a kai ita ce kuma ginshiƙin ƙirƙirarriyar basira, don haka ba a yi asara ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa kuwa dole su sauya tsarin kullensu, kuma masu fahimtar dalilin sauyin ne za a nema su yi aikin.