Ɗan Riƙo Ma Ɗa Ne

Bayan tarzomar Jos ta 2001, da ta 2008 da 2010, marayu da dama sun koma hannun dangi. Waɗansu an sa su makaranta, waɗansu kuwa talla da aikatau suka cinye ƙuruciyarsu. Alhali dokar kare yara ta Jihar Filato, ta 2005, ta ba kowane yaro haƙƙin ilmi.

Ga Jami'ar Jos, ga hedkwatar hukumar ITF mai horon sana'a, duk a cikin gari.

To, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun, in za ku aika kuɗi gida, ku ware na makarantar maraya. Ku nemi ganin sakamakon jarrabawarsa, ku ji sana'ar da yake so. Ɗa na kowa ne.