Asalin Kalmar Jana'iza Da Abin Da Bahaushe Ke Nufi Da Ita

A unguwar Kagarawal ta garin Gombe, in an idar da sallar asuba aka ga wani dattijo ya miƙe ya yi gyaran murya, to, kowa ya san akwai magana. Galibi maganar ba ta da tsawo: Allah Ya yi wa wane rasuwa cikin dare, za a yi jana'iza ƙarfe tara a ƙofar gidansa. Kafin hantsi samari sun tafi makabarta da diga da shebur, an yanko likkafani, an ɗauko makara daga masallaci. Kafin azahar an rufe shi an komo, an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa.

Ƙanen mamacin da ke aiki a Ikko kuwa, in ya gaya wa shugabansa da Turanci cewa zai tafi “funeral”, sai a tambaye shi wace rana aka tsayar, alhali kuwa a sa'an nan ana ɗaure gawar a makara. Ƙamus ya ce kalmomin nan biyu ɗaya ne, amma al'ada ta raba su.

Daga ina ta fito?

Kalmar jana'iza Balarabiya ce. Larabawa suna cewa janaza ko jinaza, jam'inta kuwa jana'iz. Malaman lugga sun ce tushenta yana nufin rufe abu, watau suturta shi. Waɗansunsu ma sun bambanta, suka ce in an karanta da fataha ana nufin gawar, in da kisira ana nufin makarar da aka ɗora ta a kai.

Akwai kuma masanan harsuna da ke ganin su ma Larabawa arowa suka yi daga Gi'iz, tsohon harshen Habasha, inda ganaza ke nufin naɗe gawa. Littafin addu'o'in mamata na cocin Habasha, Mashafa Ginzat, daga wannan tushe ya sami sunansa.

Abin lura shi ne, Bahaushe bai ɗauki tilon kalmar ba, jam'in ya ɗauka ya ƙara masa wasali a ƙarshe, don kalmar Hausa ba ta cika ƙarewa da baƙi ba. A 1947 wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu: waɗanda suka shigo tun da dauri ta bakin mutane, da waɗanda suka biyo baya ta hanyar karatu. Na farkon sukan haɗiye “al” ɗin Larabci, kamar liman da lahira da likkafani. Jana'iza ba ta da wannan alama, ta fi kama da 'yar zaure. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai Kitabul Jana'iz, haka kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, tana da babin salla a kan jana'iz. Littattafan nan kuwa su ne abincin almajiran ilimi a ƙasar Gombe, masarautar da Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1804. Abin da kunne ya saba ji a kan babi, shi baki ya riƙe.

Yadda ake amfani da ita

In mutumin Kagarawal ya ce jana'iza, ayyuka huɗu yake nufi: wankan gawa, sa ta a likkafani, sallatarta, da binne ta. Sallar a tsaye ake yinta, kabbara huɗu, ba ruku'u ba sujada. Malamai suna kiranta farali kifaya, watau in waɗansu sun yi sun ɗauke wa saura, in kowa ya ƙi, laifin ya hau kan unguwa duka. Shi ya sa mai shago kan ja ƙofa, mai wucewa kan tsaya ya shiga sahu ko bai san mamacin ba.

Sau da yawa ma akan ce “an yi masa sutura”. Ita ma sutura daga Larabci take, kuma ma'anarta rufewa. Ashe kalmomin biyu wuri guda suka nufa: a rufa wa mamaci asiri, a gaggauta kai shi makwancinsa.

Abin da ya biyo bayan rufewa ba jana'iza ba ne. Akwai ta'aziyya da zaman makoki, akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ga masu yi, ko da yake waɗansu malamai ba su yarda da su ba. Akwai kuma takaba, wata 4 da kwana 10, ga matar da mijinta ya rasu. Wanda ya iso washegari yakan ce, “Ban sami jana'iza ba, gaisuwa na zo.”

Kiristocin jihar Gombe masu ibada da Hausa, kamar na ƙasar Tangale, su ma jana'iza suke cewa. Sai dai su sukan ajiye gawa a asibiti, a sa rana, dangi su taru. Don haka ko a cikin Gombe kalma ɗaya ce, amma agogo biyu.

Ta Turawa fa?

Ita “funeral” daga Latin ta samo asali, daga kalmar funus, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci fiye da shekara 500 da suka wuce. Abin da ta fi nunawa shi ne taron da rakiyar gawa, ba gaggawar rufewa ba.

Manyan ƙasar nan sun isa misali. Dokta Nnamdi Azikiwe ya rasu ran 11 ga Mayu 1996, ba a binne shi a Onitsha ba sai ran 16 ga Nuwamba. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ran 5 ga Mayu 2010, washegari aka rufe shi a Katsina. Sarkin Kano Ado Bayero kuwa ya rasu ran 6 ga Yuni 2014, a ranar aka yi masa sutura. Kowane ɓangare girmama mamacinsa yake yi, wani da jira, wani da hanzari.

Saboda haka, mai karatu, in maƙwabci ko ma'aikaci Musulmi ya ce yana da jana'iza, kada a tambaye shi wace rana, a tambaye shi ƙarfe nawa, a sallame shi nan take. Wanda kuma nisa ya hana shi samun sahu, tabarmar gaisuwa tana nan a ƙofar gida har kwana uku. Ya je ya zauna, ya ce Allah Ya jiƙansa, Ya ba da haƙuri.