Iskar Gas da Buhun Taki: Aikin Dillali

'Yan'uwa manoma, sau da yawa a taron ƙungiya akan tambaye mu, ina dalilin da ake ƙone iskar gas a banza a rijiyoyin mai na kudu, alhali da ita ake yin takin yuriya da muke saye da tsada? Tambaya ce mai kyau.

Yawancin wannan iska ana kiranta mitan. Ita ce kuma ke fitowa daga ramin kashin shanu da aka rufe. Tana cin wuta da sauƙi, amma tana da taurin kai, ba ta yarda ta haɗu da wani abu sai an sa mata dillali. Masana na kiran dillalin nan katalis: yana haɗa ciniki, shi kuwa ba ya shiga cikin kaya. A masana'antar taki, kamar ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, ana gauraya mitan da tururi a bisa ƙarfen nikel, cikin zafin da ya kai digiri 800, har ta farfashe. Sa'an nan a sāke haɗa ta mataki mataki. Wannan doguwar hanya sai babbar masana'anta mai cin kuɗi, don haka gas na ƙaramar rijiya mai nisa wuta ce rabonsa.

Abin da masana ke nema shi ne dillalin da zai juya mitan kai tsaye ta zama metanol, ruwan da ake iya ɗauka a tanki, a yi gam da fenti da shi. (Guba ne, yana makantar da wanda ya sha.) A 1998 waɗansu masana a Amurka sun yi nasara da ƙarfen filatinom cikin asid mai ƙarfi, amma tsadar aikin ta hana shi shiga kasuwa. Babbar wahalar ita ce, metanol ya fi mitan saurin ƙonewa, sai dillalin ya zarce ya cinye ribar.

Abin mamaki, cikin halittar Allah an daɗe ana yin wannan aiki. A fadamar shinkafa akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, suna juya mitan ta zama metanol da ɗan jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe a jikinsu, ba tare da wuta ba. Su ake ƙoƙarin kwaikwayo. Har yanzu aikin yana ɗakin gwaji, saboda haka kada ƙungiya ta jinkirta tara takin gida tana jiran araha daga can.